Baba da Ƙwayar da Ba Ta da Suna

Daga Allah muke, can kuma za mu koma, Baba ya riga mu. Mun binne shi a Alƙahira ta Masar bayan azahar, ƙasar da bai taɓa son ruwanta ba, balle burodinta. Kafin mu wanke ƙurar maƙabarta daga ƙafafunmu, har an buɗe shari'ar mutuwarsa a falonmu na unguwar Ainu Shams.

Falon ba ya ɗaukar mutum goma a sake, amma ranar har kan matakala mutane ne. Ɗalibai 'yan gida abokan ƙanena, 'yan kasuwar Ataba da muke sarin kaya tare, da wasu mutum biyu daga ofishin jakadanci da suka zo da ƙamshin turare suka tafi da wuri. Bawwab ɗinmu, mai gadin ginin, shi ya yi ta hawa da kujeru yana kuka kamar ubansa ne ya mutu. Ɗalibai suka yi ta jawo falalar wanda ya mutu a baƙunta da wanda ciwo ya daɗe yana ci. Ina ta cewa amin. Amma ina da kunne. A bayan amin ɗin akwai wata magana da ke yawo ƙasa-ƙasa, daga wannan kafaɗa zuwa waccan.

Wani abokin sarina ne ya kasa riƙewa. Ya matso ya dafa gwiwata. "Alhaji, Allah ya ba da haƙuri. Amma don Allah, da gaske ne wai gwaji aka yi da tsohon?"

Kafin in buɗe baki sai ga wayar Kawu daga Kano, ƙanen Baba, wanda yanzu shi ne babba a gidan. Ya ce a ƙara murya kowa ya ji. Ya yi gaisuwa a gurguje, sannan ya ce, "Tambaya ɗaya gare ni. Wa ya sa hannu aka mai da ɗan'uwana zakaran gwajin dafi?"

Falon gaba ɗaya ya juya ya kalli Auta, ƙanena. Shi ne ɗalibin jami'a, shi ne mai Larabci, shi ya yi ta yi mana tafinta a asibiti. Ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na bar su suna kallonsa. Kawu ya ce kada Auta ya taka gidanmu na Kano sai ya zo da bayanin da zai shiga kunne. Abin da Kawu bai faɗa ba shi ne, ni na fara kai masa wannan maganar tun watanni da suka wuce.

Yau kwana talatin da uku. Na rubuta wannan don a karanta ranar sadakar arba'in, a tsakar gida, Kawu yana zaune. Bokona a aji biyu na sakandare ya tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa. So nake a tuna Baba yadda yake, a kuma san abin da ya faru kafin labari ya daskare a karkace.

Baba mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana zaune bayan ɗan akwatin gilashi a bakin kasuwa, tabaronsa mai ido ɗaya maƙale a idon dama. Maganarsa ɗaya ce, duk wanda ya zauna da shi ya haddace ta: "Ban yarda da abin da ban buɗe bayansa ba." Sabuwar rediyo sai ya kwance ta kafin ya kunna. Maganin tari sai ya ɗaga kwalbar a rana ya ga abin da ya kwanta a ƙasa. Wani Alhaji maƙwabcinmu ya taɓa dawowa daga aikin hajji da agogo mai ruwan zinariya, yana ta miƙa hannu a majalisa ko ba a tambaye shi lokaci ba. Baba ya ce ya kawo ya gani. Ya ɓalle bayan, ya leƙa, ya mayar masa.

"Alhaji, rigar ta Makka ce, amma hanjin roba ne."

Shekara biyu ba su gaisa ba. Baba bai taɓa ganin laifin kansa ba. Cewa yake, "Yo ni na sa robar?"

Amma shi ɗin ne ya lura ladanin masallacinmu, makaho, yana dogara da masu wucewa su gaya masa lokaci, suna kuma yi masa ƙarya don tsokana. Baba ya samo tsohon agogon aljihu, ya cire gilashin, ya ƙarfafa hannuwan yadda yatsa ba zai gusar da su ba. Ladan ya riƙa shafawa ya san lokacinsa da kansa. Kowace Juma'a Baba zai karɓa ya share masa ƙura da maiƙon hannu, har ladanin ya rasu. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ladanin ne ya yi ta tallata shi. Nan Alƙahira ma, sati biyu da zuwansa ya ga bawwab yana ɗaure da mataccen agogon mahaifinsa. Baba ba ya jin Larabcin titi, wancan ba ya jin Hausa. Baba ya miƙa hannu kawai. Bayan kwana uku agogo ya tashi. Daga ranar bawwab ya zama nasa, sai ya aike shi ko'ina da nuni da yatsa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ni ɗan fari ne. Kun san sauran. Tunda aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi magana da ni sai ya ce "kai", in zai yi maganata sai ya ce "mutumin nan". Ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Ranar da mashin ya karya mini ƙafa ina saurayi, maƙwabci Baba ya riƙa tambaya yaya na kwana, alhali ɗakina yana kallon nasa. An ce kunya ce, al'ada ce, so ne a ɓoye. Na ji. Amma ɓoyayyen so bai hana ya cire ni daga makaranta ba, ya ce in riƙa ɗaukar masa akwati in koyi sana'a. Shekara uku ina ɓarar masa da ƙananan kusoshi. Da ya gaji, bai gaya mini ba, Inna ya gaya wa ina tsaye: "Gaya wa mutumin nan yatsunsa na ɗaukar kaya ne." Haka na koma kasuwa, daga dako har na kai ga sarin abaya da littattafai daga Ataba zuwa Kano.

Auta kuwa? Da shi ake wasa, da shi ake dariya, shi ake kira da suna har da kinaya. Ya yi makaranta har ya ƙoshi, aka ba shi gurbin karatu a Masar. Ban ce na ji daɗi ba, kuma ba zan yi ƙarya a ta'aziyyar ubana ba.

Ciwon ya daɗe kafin mu sani. Inna ce ta lura butarsa ba ta hutawa, kuma yana daɗewa a bayan gida. Da ƙyar aka kai shi asibiti a Kano, aka ce daji ne, irin na maza, wanda ke kama wata 'yar tsoka a ƙarƙashin mafitsara. Aka fara yi masa wata allura duk bayan watanni, ta riƙe shi wajen shekara biyu, sannan ta daina aiki. Na ce a kawo shi Masar, tunda ni ina da ɗaki, Auta yana nan. Inna hawan jini ya hana ta tafiya. Muka iso a shekarar da aka yi ta dokar hana fita, tankoki a bakin tituna, kowa yana kallon kowa a kaikaice. Garin ya dace da halina.

Likitan da muka samu dattijo ne mai sanƙo, mai yawan cewa "ma'alish", wato a yi haƙuri. Ya ɗaga hoton ƙashin Baba a fitila, ya nuna ɗigo-ɗigo baƙaƙe a ƙugu da gadon baya. Ya yi magana doguwa. Auta ya juyo ya ce, "Ya ce abin ya shiga ƙashi, kuma hanya biyu ce."

Na ce, "Ustaz, mutum ya yi maganar minti biyar, kai ka ba mu kalma goma? Ina sauran?"

Larabcina na kasuwa ne: nawa, ya yi tsada, yalla, khalas. Shi ya sa duk maganar da ta wuce ni sai in ga kamar ana cinikina ne. Auta ya haɗiye fushi ya warware mana dalla-dalla.

Hanya ta farko kimawi, wanda a gida ake cewa kemo. Ƙarin ruwa ne mai ƙarfi duk bayan sati uku. Ba ya warkarwa, amma yakan rage ciwo ya ja kwana. Sharrinsa sananne ne: gashi ya zube, jiki ya mutu, ciki ya ɓaci, ƙaramin zazzaɓi ya zama babba, yatsu su yi dundum su daina ji sosai. Hanya ta biyu gwajin wata sabuwar ƙwaya da ake yi a ƙasashe da yawa. A gida ake sha. Amma ba kowa ake ba ta gaske ba. Na'ura ce ke jefa ƙuri'a, wasu su sami maganin, wasu su sami ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai cikinta, kuma daga majinyaci har likita ba wanda zai san wacce ce. Sharaɗi ɗaya likitan ya nanata har sau biyu: gwajin na wanda ciwon bai fara azabtar da shi ba ne. Wanda ƙashi ke yi masa ciwo sosai ba ya jira, kimawi ake fara masa.

Baba ya saurara har ƙarshe. Tambaya ɗaya ya yi. Ya ɗaga hannuwansa biyu ya ce, "Auta, ce masa yatsun fa, in sun mutu suna dawowa?"

Likita ya karkata kai. Wani lokaci, in ji shi. Wani lokaci kuma a'a.

A cikin jirgin ƙasa na metro muka fara faɗa, ni da Auta, a tsaye, Baba yana zaune yana kallon taga kamar bai san mu ba.

Na ce, "Kimawi za a yi. An san shi, an san sharrinsa. Wancan kuwa ko suna ba shi da shi, sai lamba kamar motar haya."

"Yaya, ni ban zaɓi komai ba. Baba ne zai zaɓa."

"Kar ka raina mini hankali. Na ga idonka da aka ce kyauta ne. Tun yaushe Bature ya fara ba baƙar fata abu kyauta? Ka manta abin da aka yi wa yara a gida lokacin sanƙarau?"

"Ban manta ba. Amma ka kalli layin, Masarawa ne suka fi yawa. Kuma an ce duk ranar da ya ga dama ya fita."

"An ce. Kai aka ce wa. Ni me na ji?"

Wata tsohuwa Bamasariya ta ce mana mu yi salati ga Annabi. Muka yi, muka ci gaba a matakalar gida. A ranar na buga wa Kawu waya na ce Auta yana neman miƙa Baba ga masu gwaji don ya huta da wahala. Haka na faɗa, kalma da kalma.

Takardar gwajin ta fi shafi ashirin. Baba ya sa Auta ya fassara masa ita kaf, kwana uku suna kai, yana rubutu da ajami a gefen shafi, yana cewa a maimaita. Na zauna a ƙofa ina kallon bakin Auta ko zan kama shi yana tsallake layi. Ban kama shi ba, sai na ce ya iya ne. A rana ta uku Baba ya ninke takardar ya ce, "Ƙwayar zan sha." Mutumin da ba ya kunna rediyo sai ya ga hanjinta. Nan na tabbatar wa kaina cewa an yi masa wayo.

Yanzu ga wurin da nake so Kawu ya gyara zama.

Ranar tantancewa, likita ya zauna da takardar tambayoyi. Ya dube ni ya yi magana. Auta ya ce a hankali, "Yaya, ya ce ko za ka ɗan ba mu wuri. Tambayoyin na sirri ne."

"Sirri da wa? Ubana ne."

"Shi ya sa, Yaya. Ka san Baba ba zai..."

"Na san ku biyu kuna son ku rage ku uku. Ba inda za ni."

Na ja kujera na zauna daf da ƙofa, na harɗe hannu. Likita ya ɗaga kafaɗa ya fara. Yaya fitsari? Baba ya kalli bango ya ce alhamdu lillahi. Akwai jini? Alhamdu lillahi. Bayansa yana ciwo, ko ƙugu? Lafiya lau. Likita ya ce ya kwatanta ciwon daga sifiri zuwa goma. Baba ya ɗaga yatsa ɗaya, shi ma da ƙyar, kamar ya yi almubazzaranci. Yana shan maganin ciwo? A'a. Likitan ya ajiye biro, ya sake tambayar ciwon ta wata fuska. Ya kalle ni, ya kalli Baba, ya tambaya karo na uku. Baba ya ce, "Auta, ce masa ni ba yaro ba ne." Ya karɓi biro ya sa hannu da ajami. Shi ya sa, da hannunsa na dama. Auta a matsayin tafinta kawai ya sa nasa a ƙasa.

Na fito ina ganin na tsare ubana. Wata biyar muna komawa awo, ana maimaita tambayoyin nan, ban bar su sun shiga su kaɗai ba ko sau ɗaya. Har tafiya Kano na daina, na riƙa tura kaya ta hannun mutane. Duk zuwa ina kan kujerar nan ta bakin ƙofa, duk zuwa Baba yana alhamdu lillahi.

Wata rana da hantsi, Auta yana jami'a, na ɗauka Baba yana barci. Na saci ƙwaya ɗaya daga farar robar nan mai lamba, na ɗauko ɗan hantsakinsa da tabaron ido ɗaya, na zauna a kicin na raba ta biyu a kan faranti. Farin gari. Na shinshina, na ɗanɗana, na leƙa har idona ya yi ruwa.

"Kai. Me ka gani?"

Baba ne tsaye a ƙofa, ya dafa bango. Na ce ban ga komai ba.

Sai ya yi dariya. Wallahi zan iya ƙirga ranakun da Baba ya yi dariya da ni a yatsun hannu ɗaya. Ya ce, "Ni ma na buɗe. Tun ranar farko." Ya karɓi tabaronsa ya goge da bakin riga. "Shi ne abu na farko da na buɗe bayansa ban gane komai ba." Ya juya zai tafi, ya ƙara da cewa, "Gobe sai ka yi wa likita bayanin inda guda ɗaya ta tafi, ƙirga su yake."

Na ga yadda ya dafa bangon. Na ga yadda ya daina ruku'u sosai, ya koma salla a kujera yana cewa sanyin tayil ne. Na gani da idona, na ce ƙwayarsu ce ke cinye shi, na ƙara buga wa Kawu waya.

Ranar wata Talata ya zo tashi sallar azahar, ƙafafu suka ƙi. Ya gwada sau biyu, ya zauna yana kallonsu kamar na wani ne. Muna neman takardunsa na asibiti hannuna ya ture gwangwanin da yake zuba ƙananan kayan agogo. Abin da ya zube ba kusoshi ba ne. Fankon katin maganin ciwo ne, mai ƙarfi, tuli guda, an nannaɗe su ƙanana. Bawwab da ya hau taya mu ya gani, ya kama kai. Shi ake aika kantin magani. Baba zai nuna masa bayansa, ya damƙa masa kati, ya sa yatsa a baki. Tun watan farko.

A asibiti likitan bai ce ma'alish ba. Ya nuna ni ya nuna ƙofa. Na fara gardama, sai Auta, yaron da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya sa hannu biyu a ƙirjina ya tura ni waje ya rufe. Minti goma na yi a tsaye. Minti goma kacal. A cikinsu Baba ya faɗi komai: ciwon bayan ya girmi sa hannun, wani lokaci sai ya ciji hula, ƙafafun sun fi sati uku suna yi masa nauyi, fitsari ya fara kufce masa.

Likitan ya fito ya tsaya gabana, ya yi magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, irin Larabcin da ake yi wa ɗan kasuwa. Ban nemi tafinta ba. Ya ce dajin ya danne lakar gadon baya. Ya ce da Baba ya faɗi ciwon tun ranar farko, ba zai sa shi a gwajin ba, kimawi zai fara masa. Da ya faɗi nauyin ƙafa sati uku da suka wuce, da an gasa wurin da na'ura da wuri, wataƙila da ƙafafun sun tsira.

Na ce, da kimawin zai warke?

Ya ce a'a. Wannan ciwon ba a warke shi a inda ya kai. Amma da ya sha wahala kaɗan da haka. Sannan ya ce, "Sau uku na tambaye shi. Kana zaune."

Aka cire shi daga gwajin, aka yi masa gashi a baya. Ciwon ya lafa, ƙafafun ba su dawo ba. Kimawin da nake ta haƙilo a kai sau ɗaya jikinsa ya ɗauka, likita ya ce a bari. Ni kuwa ban haƙura ba. Na ce a buɗe mana sirrin ƙwayar, ta gaske ce ko gari. Likita ya ce ana iya nema in majinyaci ya so. Auta ya gaya wa Baba. Baba ya girgiza kai.

"Kar a buɗe."

Na ce, "Baba, kai ne fa kake cewa..."

Bai kalle ni ba. "Auta, gaya wa mutumin nan, in ta gaske ce zai ce ita ta kashe ni. In gari ne zai ce kai ka kashe ni. A bar ta a rufe."

Har yau ban san abin da ubana ya haɗiya wata biyar ba. Kuma kada wani ya ɗauka na koma mai yabon masu gwaji. Ban san su ba, ban ga fuskarsu ba, ban san me ya sa takardarsu ke da shafi ashirin ba in babu abin da suke karewa. Ban yarda da ƙuri'ar da na'ura ke jefawa kan ran mutum ba. In aka sake kawo mini takardar gobe, zan sake yin gardama. Amma na yi wata biyar ina gadin ƙofa don in kama mai cutar Baba, na binciki likita, na binciki Auta, na buɗe ƙwaya, ban taɓa tambayar kaina me ya sa dattijon da ke gaya wa Auta komai yake zama kurma da bebe in ina ɗakin ba. Ni da na fi kowa sanin dalili. Mutumin da ya kasa tambayata yaya ƙafata, shi zai faɗi maganar fitsarinsa a gabana?

Abu ɗaya ya rage mini a duhu: me ya hana shi gaya wa Auta a ɓoye? Amsar ta zo ranar da aka sallame mu. Gidanmu hawa na huɗu ne, ba lif, sai matakala. Auta siriri ne, littafi uku ma nishi suke sa shi. Na durƙusa, bawwab da Auta suka ɗora mini Baba a baya. Bai kai nauyin rabin dila ba. Tunda nake ban taɓa jin ƙirjinsa a jikina ba sai ranar.

A hawa na biyu ya ce, "Auta, gaya wa mutumin nan ya yi a hankali, ba dilar abaya ya ɗauko ba."

Auta ya yi dariya, hawaye na zuba. Na ci gaba da hawa. A na uku na tsaya in huta, sai na ji bakinsa daf da kunnena, amma da Auta yake magana.

"Ka ce masa abin da nake gudu ke nan. An ce kimawi yana kwantar da mutum, sai an ɗaga shi, sai an kai shi bayan gida. Kai kana makaranta, wa zai yi? Na cire shi aji ya ɗauki akwatina. Ban so ya ƙare da ɗaukata ba."

Auta ya buɗe baki zai maimaita mini, kamar yadda aka saba. Na ce, "Na ji."

Ashe yatsu ba su ne dalili ba, ko kuma ba su kaɗai ba. Wata biyu da rabi ya ƙara. Ni na riƙa ɗaga shi, ni na riƙa yi masa wanka da tsarki, yana kallon bango, ina kallon ƙasa. Bai kira sunana ba har ya cika, kuma na daina jira. Ranar ƙarshe da ya iya riƙe abu, agogon bawwab ya sa aka kawo masa, ya kara a kunne ya ji yana tafiya, ya mayar.

To Kawu, ga amsar tambayarka. Baba ne ya sa hannu, da hankalinsa, bayan ya karanta fiye da yadda kowannenmu zai karanta. Auta ya fassara gaskiya, ya kuma roƙe ni in fita, na ƙi. Abin da na gaya maka a waya zargi ne, ba shaida ba. Ranar makoki da aka kalle shi ya sunkuyar da kai, ni yake rufa wa asiri, don ya ji abin da likita ya gaya mini a ƙofa kuma bai gaya wa kowa ba, har Inna.

Ya Allah, wannan bawan naka ya gyara wa mutane lokacinsu, ya ɓoye ciwonsa don kada ya zama kaya. Ka yafe masa, ka yalwata masa inda yake kwance cikin baƙi, ka sa wahalar da ya sha ta zama ita ce ta ƙarshe. Masu sauraro, ku sa shi a addu'a.

Na saya wa Auta tikiti, jirgi ɗaya za mu hau. Ni zan shigo da shi gidan, ni ne a gaba. Duk mai sauran tambaya ya tare ni a zaure. Wannan karon in an ce in fita, zan fita, amma sai na gama faɗa.